Gidaje Babu Mutane, Mutane Babu Gidaje: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Abuja

Mai Girma Ministan Babban Birnin Tarayya,
Garki, Abuja.

Ranka ya daɗe,

Na rubuto maka ne a kan tsadar muhalli a Abuja, kuma shaidun da zan kafa maka hotuna ne. Tun da kyamara ta shiga aljihun kowa ta hanyar wayar hannu, matasa masu ɗaukar hoton titi da 'yan jarida da su kansu mazauna unguwanni sun tara hotunan wannan birni masu ɗimbin yawa, suna yaɗa su a jaridu da shafukan sada zumunta. Jami'an gwamnati sukan ɗauki irin waɗannan hotuna a matsayin tonon silili ko neman zubar da mutuncin babban birnin ƙasa, martanin da aka saba mayarwa kuwa shi ne a tura katafila ta share abin da ya fito a cikinsu. Ina roƙonka ka dube su da wani ido. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, hotunan nan rahoto ne a kan kuɗin da mutum ke biya kafin ya sami wurin kwana a Abuja, wannan kuɗi kuwa ya samo asali ne daga yadda ake raba ƙasa, ƙasar kuma tana hannun ofishinka. Saboda haka mafi yawan maganin ma yana hannunka.

Hoton da ya fi kowanne yawa shi ne na asuba a kan hanyar Keffi zuwa Abuja. Tun gari bai waye ba bakin titi ya cika a Masaka da Ado da Mararaba da Nyanya, ƙananan motoci na ɗaukar mutum huɗu a baya biyu a gaba, jerin fitilu ya miƙe daga Kugbo har zuwa A.Y.A. Wanda ya ƙura wa fuskokin ido zai ga su wane ne: ma'aikatan jinya, malaman makaranta, masinjoji, 'yan sanda, masu shara, birkiloli da kafintoci, da yara sanye da kayan makaranta suna gyangyaɗi a cinyar iyayensu. Irin wannan hoto ake samu a Suleja da Madalla da Zuba, haka a hanyar Gwagwalada da Kuje. Hoto na biyu na kango ne, benen da aka daina ginawa shekaru da suka wuce, an rufe tagoginsa da buhu, an ɗaura igiyar shanya tsakanin ginshiƙai, ga murhu da jarkokin ruwa a ƙasan matakala, iyali sun tare suna biyan maigadi ɗan abin da aka yi ciniki. Hoto na uku na bacoci ne, ɗakunan katako da langa-langa a Mabushi da Jahi da Gishiri da Durumi da Kpaduma, da jan fenti a jikin bango yana sanar da rusau, a bayansu kuma sabbin benaye masu gilashi suna haskawa.

Akwai hoto na huɗu, wanda idan babu shi sauran ukun ba za su fassaru ba. Shi ne na Maitama da Asokoro da Guzape da Katampe bayan magariba: manyan gidaje jere da juna, tagogi duhu, ciyawa ta cinye farfajiya, allon neman ɗan haya ya koɗe saboda rana da ruwan shekaru, babu inda fitila ke ci sai ɗan ɗakin maigadi a bakin ƙofa. A nan ƙarfin hoton titi yake, ranka ya daɗe. Yana haɗa abubuwan da ofisoshi ke ajiyewa a fayil daban-daban. Sashen kula da tsarin gine-gine ya san bacar Gishiri ba ta da izini, sashen filaye ya san mai gidan Maitama da lambar takardarsa, amma babu teburin da ake ɗora fayilolin biyu a kai lokaci ɗaya. Mai ɗaukar hoto idan ya tsaya a wurin da ya dace, sai ga iyali bakwai a ɗaki ɗaya, ga ɗakuna bakwai babu kowa, tsakaninsu katanga ce kawai. Daga nan maganar cewa Abuja na fama da ƙarancin gidaje kurum ba ta gamsar da kowa. Gine-gine suna nan, sai dai an yi su ne domin masu kuɗin da ba sa kwana a ciki, waɗanda ke buƙatar wurin kwana kuwa ba a yi lissafi da su ba. Gani ya kori ji.

Abin da hoto ba zai faɗa ba, lissafi zai cike shi. A watan Yulin 2024 aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a wata, wato naira 840,000 a shekara. Ma'aunin da masana harkar gidaje suka saba amfani da shi shi ne kada haya ta wuce kashi 30 cikin 100 na abin da mutum ke samu, wanda a kan wannan albashi ya kama naira 252,000 a shekara. Duk wanda ya taɓa bin dillali a Abuja ya san wannan kuɗi ba zai kama ɗaki ɗaya mai banɗaki a Wuse ko Garki ko Utako ba, ciki da falo kuwa a waɗannan unguwanni ya haura albashin shekarar baki ɗaya, ko da mutum ba zai ci ba, ba zai sha ba. Sannan albashi wata-wata ake biya, haya kuwa ta shekara ake nema a dunƙule, wani mai gidan ma ta shekara biyu yake so, ga la'adar dillali, ga kuɗin lauya, ga kuɗin ajiya. Dole ma'aikaci ya koma bayan gari inda hayar ke da dama-dama, ya riƙa biyan bambancin a kuɗin mota. Wannan dabara ta riƙe mutane lokacin da litar fetur ke ƙasa da naira 200. Daga cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 zuwa ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000, dabarar ta daina aiki. Shi ya sa aka ƙara ganin magidanta masu albashi suna shimfiɗa tabarma a barandar ofis ko shago ko masallaci daga Litinin zuwa Juma'a, sai ƙarshen mako su ga iyalinsu.

Yadda aka zo nan ba ɓoyayyen abu ba ne. A watan Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa Babban Birnin Tarayya, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, kuma cikin dalilan barin Legas akwai cunkoso da ƙarancin fili. An yi alkawarin birni na kowa da kowa, a tsakiyar ƙasa, mai yalwar fili kusan murabba'in kilomita 8,000. An kammala babban tsarin birnin a 1979, gwamnati ta tare ranar 12 ga Disamban 1991. Amma tun farko ba a tanadar wa masu gina birnin gurbi a cikinsa ba. Nyanya ta fara ne a matsayin sansanin leburori, Mpape ta bunƙasa a gefen wuraren fasa dutse, ƙauyukan Gbagyi kuma suka zama masaukin duk baƙon da ya zo neman abinci, domin su kaɗai ke ba da ɗaki a kuɗin da talaka zai iya. Daga shekarar 2000 aka riƙa ba kamfanoni manyan filaye da sunan gina gidajen jama'a, mafi yawansu suka ƙare a rukunan gidaje masu shinge na masu hannu da shuni. Daga 2003 kuma gwamnati ta daina ba ma'aikata gida, ta mayar da haƙƙin kuɗi, ta sayar da gidajenta, gidajen da dā ke ɗaukar ƙananan ma'aikata a Garki da Wuse suka faɗa kasuwa. A Kano ko Zariya talaka na iya gadon ɗaki a cikin gari daga kakansa. A Abuja sashe na 297 na tsarin mulkin 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya dukkan ƙasa, kuma babu fulotin da ke samun takarda a cikin birni sai ya bi ta teburin minista.

Maganin da gwamnatoci suka fi gwadawa shi ne rusau, an kuma gwada shi da yawan da ya isa a yi masa hukunci. Ƙungiyoyin kare haƙƙin muhalli biyu, COHRE da SERAC, sun ƙiyasta cewa sama da mutum 800,000 aka tasa daga matsugunansu a Abuja tsakanin 2003 da 2007. A 2012 aka sanar da shirin rushe Mpape, mazauna suka garzaya kotu, a 2017 kotu ta hana. A ƙarshen 2024 aka rushe Ruga da ke kusa da Wuye. Bayan sama da shekara ashirin ana haka, tambayar da ta dace ita ce ina mutanen suka tafi. Ba su bar Abuja ba, tun da aikin da ya kawo su yana nan. Sun ƙara cika Mararaba da Suleja, sun shiga kangaye, sun kafa sabbin bacoci a bakin rafi da ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, hayar ɗaki a unguwannin da suka rage kuma ta tashi domin masu nema sun ƙaru, ɗakuna sun ragu. Rusau babu madadi kamar danna kumburi ne da yatsa, ya lotsa nan ya taso can. Duk ɗakin talaka da aka rushe ba a gina wani a madadinsa ba, ƙarin kuɗin haya ne aka ɗora wa sauran talakawa.

Wasu biranen sun taɓa tsayawa inda Abuja take yau, kuma hoto ya taimaka musu wajen gane halin da suke ciki. A 1890 Jacob Riis, ɗan asalin Denmak da ke aikin jarida a New York, ya fitar da littafi mai ɗauke da hotunan gidajen hayar da baƙin haure ke cunkushe a ciki, ɗakuna marasa taga, mutane kwance a ƙasa kamar an jera su. Theodore Roosevelt, wanda ya shugabanci hukumar 'yan sandan birnin daga 1895 kafin daga baya ya zama shugaban Amurka, ya riƙa bin Riis cikin dare yana ganin wuraren da idonsa. Martani iri biyu ya biyo baya, kuma bambancinsu shi ne darasin. An rushe unguwar Mulberry Bend aka mayar da ita wurin shaƙatawa a 1897, wurin ya yi kyau, mazaunansa suka watsu cikin wasu lunguna. Sai a 1901 jihar New York ta yi dokar gidajen haya da ta wajabta taga da iska da banɗaki da hanyar tsira daga gobara, wannan ce ta canza rayuwar masu haya. A Hong Kong, Benny Lam da ƙungiyar SoCO sun ɗauki hotunan ɗakunan da aka yayyanka daga saman rufi, yadda mai kallo zai ga gado da tukunya da littattafan yara a fili ɗaya da bai wuce shimfiɗa biyu ba. Bayan shekaru ana matsin lamba, a Janairun 2022 doka ta fara aiki da ta taƙaita ƙarin haya a irin waɗannan ɗakuna, ta kuma ba ɗan haya tabbacin zama na wasu shekaru. Hoto bai taɓa gina wa kowa gida ba. Abin da ya yi shi ne hana mai mulki cewa bai sani ba.

Za a ce maka hotunan nan zaɓe ake yi, mai kyamara ya bar sabbin tituna da gadoji ya je ya nemo juji, kuma babban birnin ƙasa yana da martabar da dole a kare, ba kowa ne zai zauna a Abuja ba. Gaskiya ne hoto zaɓe ne, har da wanda ake ɗauka ranar buɗe sabon titi. Amma abin da aka zaɓa ya wanzu, kuma ana gane hoton da ke da nauyi ne idan masu ɗauka daban-daban, waɗanda ba su san juna ba, suka riƙa dawowa da abu iri ɗaya shekara bayan shekara. Batun cewa ba kowa ne zai zauna a Abuja ba kuwa, birnin da kansa ya ƙaryata shi. Kowane gida a Asokoro yana buƙatar direba da kuku da maigadi da mai wanki, kowace ma'aikata tana buƙatar masinja da mai shara, kowane sabon titi leburori ne suka zuba kwaltarsa. Birnin ne ke kiran mutanen nan kowace safiya, ba a raba hanta da jini. Martabar da ake nema da korar su daga gani ba ta wuce bakin iyakar Nyanya, baƙon da ake ɓoye wa Mpape kuma yana iya ganinta a wayarsa kafin jirginsa ya sauka.

Za a kuma ce masu ɗaukar hoton suna cin kasuwa ne da talaucin mutane, suna tallata tsiraicinsu. Wannan ƙorafi yana da tushe, ban kuma raina shi ba. Riis kansa yakan faɗa wa mutane cikin dare suna barci ya haska su ba tare da izini ba, kuma ya rubuta kalamai na ƙasƙanci a kan wasu ƙabilu. A al'adarmu gida yana da alfarma, ba a shiga sai da sallama, ba a ɗaukar matar aure ko yaro hoto sai da yardar masu gida, kuma wajibi ne duk mai kyamara ya kiyaye wannan. Sai dai kuskuren mai ɗauka ba ya goge abin da aka ɗauka. Yau ma yawancin hotunan rusau mazauna ne ke ɗauka da wayoyinsu, domin su ne kaɗai shaidar da za su nuna wa lauya ko ɗan jarida cewa ɗaki ya taɓa tsayawa a wurin. Idan gwamnati na kishin mutuncin talaka, to hoton katifarsa a bakin titi bayan wucewar katafila bai kai ita kanta katifar a bakin titi zubar masa da mutunci ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta tsaro, kuma duk mazaunin Abuja ya san ba ƙirƙira ba ce. Akwai ɓata-gari da ke fakewa a kangaye da bacoci, akwai masu satar wayoyin lantarki da murafen kwalbati, akwai masu fashi a motocin haya. Amma a duba abin da rusau ke yi wa tsaron. Unguwar da ta daɗe tana da mai unguwa da limami da fasto da shugaban 'yan kasuwa da 'yan sintiri, sun san baƙo idan ya shigo, kuma su ne ke kai wa 'yan sanda labari. Ranar da aka rushe ta, wannan sani ya watse, ɓarawo ya ɗauki jakarsa ya koma wani kangon, mai gaskiya kuwa ya rasa jari da makarantar 'ya'yansa, matashin da ke da sana'a jiya ya wayi gari ba shi da komai. Mutumin da ke da adireshi da lambar gida da rasit ɗin haya ya fi sauƙin samu ga hukuma fiye da wanda ke kwana inda dare ya yi masa. Kangon da ya zama maɓoya kuma yana da mai shi, sunansa yana cikin kundin filaye na AGIS. Shi ya kamata a fara tambaya dalilin barin gini shekara goma a buɗe, kafin a kai ga matar da ke soya ƙosai a ƙasansa.

Masu gidaje da masu gini za su ce haya harkar kasuwa ce, siminti da rodi sun yi tsada, ruwan bashin banki ya haura kashi 20 cikin 100, kuma idan gwamnati ta sa hannu masu jari za su janye. Tsadar kayan gini gaskiya ce, shi ya sa ba na neman ka ƙayyade wa kowa kuɗin haya, domin ƙayyade farashi da ƙarfi yakan rage gini ya ƙara ciniki a ɓoye. Amma ba za a kira kasuwar Abuja sakakkiya ba alhali mai sayar da ƙasa na farko ɗaya ne tak, shi ke yanke wanda zai samu, da girman fuloti, da unguwar da za a kai wa titi da ruwa. Wanda aka ba fili a kuɗin gwamnati ya ajiye shi shekara goma sha biyar, titin da aka yi da kuɗin jama'a ya ninka masa daraja, ya sayar, wannan riba ba guminsa ba ce. Za su kuma ce mai gida yana da ikon rufe gidansa. Takardar da ke hannunsa izinin zama ce ta shekara 99 mai sharuɗɗa, kuma gwamnatinka ta tuna wa kowa haka a watan Maris na 2025 lokacin da ta soke takardun filaye 4,794 saboda rashin biyan harajin ƙasa. Hukumar da ta iya zaƙulo waɗannan sunaye ɗaya bayan ɗaya za ta iya sanin gidajen da ba kowa a ciki. Faransa na karɓar haraji a kan gidajen da aka rufe a manyan birane tun 1999, birnin Vancouver na Kanada ya fara a 2017 da kashi 1 cikin 100 na darajar gida, daga baya ya ƙara, yana zuba kuɗin a gidaje masu sauƙi. Leilani Farha, wakiliyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin muhalli a lokacin, ta ba Nijeriya irin wannan shawara da ta kawo ziyara a watan Satumban 2019.

Na san za a nuna mini ayyukan da ake yi, kuma adalci ne a ambace su. An gina tituna da gadoji da dama a 'yan shekarun nan, har da na garuruwan kewaye, jirgin ƙasan cikin birni da aka buɗe a 2018 ya dawo aiki a watan Mayun 2024, an kuma ɗora harsashin gidaje 3,112 a Karsana a watan Fabrairun 2024. Sai dai gidajen Karsana na sayarwa ne, mutanen da ke cikin hotunan nan kuwa ba masu saye ba ne, masu haya ne. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin 100 dominsa, yana amfanar mai takardar albashi da ya iya cika sharuɗɗan lamuni, birkila da mai shayi da ɗan garuwa ba sa ciki. Jirgin ƙasan ya nufi filin jirgin sama da Kubwa, bai bi ta Nyanya da Mararaba ba. Sabon titi kuma idan ba a ware fili domin marasa ƙarfi a gefensa tun kafin a zuba kwalta ba, darajar ƙasa takan tashi ta kori waɗanda aka ce an yi dominsu. Gidaje 753 da kotu ta ƙwace a Lokogoma a watan Disamban 2024 sun nuna inda wani ɓangare na kuɗin ginin Abuja ke fitowa, da dalilin da ya sa wasu masu gidan ba su damu da samun ɗan haya ba: gidan ma'ajiyar kuɗi ce a wurinsu.

Ga abin da nake roƙo, ranka ya daɗe, kuma kusan dukansa yana cikin ikonka. Ka sa a ƙidaya gidajen da ke rufe da kangaye da filayen da aka bari babu gini a cikin birni, unguwa-unguwa, a buga sakamakon kowa ya gani. Bisa wannan ƙidaya a ɗora haraji mai ƙaruwa kowace shekara a kan gidan da ya wuce shekara guda a rufe babu uzuri, a keɓe kuɗin domin gidajen haya masu sauƙi. Filayen da aka soke takardunsu, a ware kaso sananne daga cikinsu domin benaye na ɗaki ɗaya da ciki da falo, kusa da wuraren aiki, a ba ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata da 'yan kasuwa da masu sana'a, da sharaɗin hayar wata-wata. Duk kamfanin da zai karɓi babban fili daga yanzu a rubuta masa adadin ƙananan ɗakunan da zai gina, a kuma ƙwace idan ya saɓa. Unguwannin da suka daɗe kamar Mpape a gyara su a inda suke, a fitar da layuka da magudanar ruwa, a ba gidaje lamba, a zauna da sarakunan Gbagyi da sauran 'yan asalin yankin a kan haƙƙinsu. Inda tashi ya zama dole, kamar bakin rafi ko hanyar bututu, kada katafila ta motsa sai an ƙidaya mutane, an ba da wa'adi na gaskiya, an nuna inda za su koma.

Akwai kuma buƙatu biyu da ke neman haɗin kan wasu. Majalisar Tarayya ce ke yi wa Abuja doka, kuma a 2022 Sanata Smart Adeyemi ya gabatar da ƙudurin taƙaita hayar da ake karɓa gaba, ƙudurin bai zama doka ba. Legas ta yi irin wannan doka tun 2011, ko da yake aiwatarwa ta yi rauni, kuma daga rauninta za a koyi cewa sai an haɗa da wurin kai ƙara mai sauƙi da rajistar dillalai. Idan ofishinka ya ɗauki wannan ƙuduri ya tura ta hannun Shugaban Ƙasa, zai sami nauyin da bai samu ba a baya. Hanyar Nyanya zuwa Masaka kuma tana buƙatar manyan motoci masu layinsu na kansu ko jirgin ƙasa, da yarjejeniya da gwamnatin Nasarawa, haka hanyar Suleja da gwamnatin Neja, domin jihohin nan biyu ne ke ɗauke da nauyin ma'aikatan da Abuja ta kasa saukarwa. A ƙarshe, ka umarci jami'an hukumominka su daina hana ɗaukar hoto ko ƙwace waya a wuraren da jama'a ke da ikon tsayawa, musamman ranar rusau. Ka ma wuce nan: ka gayyaci masu ɗaukar hoton nan da shugabannin unguwannin da suka ɗauka, a baje hotunan a gaban daraktocin filaye da na tsarin gine-gine, kowane hoto da sunan unguwa da shekara, a tambayi kowane sashe abin da ke cikin fayilinsa game da wurin.

Ministocin Abuja da yawa sun zo sun wuce, kusan kowanne ya bar titi ko gada ko unguwar da ya rushe, amma har yau ba a sami wanda ya bar tsarin da zai sa malamin firamare ya kama ɗaki a garin da yake koyarwa da albashinsa ba. Tsarin mulki a sashe na 16 ya ɗora wa gwamnati nauyin tanadar wa 'yan ƙasa muhalli mai dacewa, kuma ko da kotu ba ta tilasta wannan sashe, rantsuwar kama aiki ta ɗaure mai mulki da shi. Ba a taɓa zarginka da tsoron taɓa manya ba. Ina roƙon ka juya wannan ƙarfin hali wajen gidajen da ke rufe da filayen da aka ɓoye, ka kuma sanar da jama'a adadin ɗakunan haya masu sauƙi da za a gina a cikin birni da lokacin da za a kammala su, domin a sami abin da za a auna ka da shi. Allah Ya yi maka jagora, Ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka.

Naka cikin girmamawa,
Ɗan ƙasa mai kishin Abuja da mazaunanta.